Wa Zai Ɗauki Kuɗin Shari'a Idan Kamfanin Inshora Ya Ƙi Biya Da Gangan?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci kuma Ya sanya shi haramtacce a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Shimfiɗa

Har zuwa 'yan shekarun baya, idan aka ambaci inshora a irin garuruwanmu na Saji da Rano da Kibiya, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne wata takarda da direba yake ninkewa ya ajiye a mota domin nuna wa jami'an hanya. Ba ya tsammanin wani amfani daga gare ta, kuma sau da yawa bai ma san sunan kamfanin da ya bayar da ita ba. To amma al'amarin yana canjawa. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma rundunar 'yan sanda ta fara tilasta bin wannan doka a kan hanyoyi. Manomanmu da suka ci bashin noma a ƙarƙashin shirin Anchor Borrowers, wanda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2015, sun tarar da inshorar amfanin gona a cikin sharuɗɗan bashin. Haka nan gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris ɗin 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 sun sa 'yan kasuwa da dama sun fara tambaya a kan inshora da takaful.

Tunda kuwa kuɗinmu ya fara shiga hannun waɗannan kamfanoni, wajibi ne mu tambayi abin da zai faru ranar da musiba ta auku, aka je neman haƙƙi, kamfani ya ce ba zai biya ba alhali ya san biyan ya hau kansa. Mai haƙƙi ya ɗauki lauya, ya yi ta zirga-zirga zuwa kotu, daga ƙarshe ya yi nasara. Wa zai mayar masa da abin da ya kashe a hanya? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne cewa kamfanin ne ya kamata ya ɗauki wannan ɗawainiya gaba ɗayanta, kuma ya kamata doka ta faɗi haka a fili.

Lissafin Mai Taurin Bashi

Da farko dai a bambance abu biyu. Akwai saɓani na gaskiya: kamfani ya ga alamun cewa da gangan aka cinna wutar, ko takardar inshorar ta jabu ce, ko ɓarnar ba ta cikin abin da aka yi yarjejeniya a kai. Wannan yana da damar ya tsaya ya yi bincike, ko da kuwa daga baya kotu za ta ce ya yi kuskure. Akwai kuma ƙin biya da mugun nufi: kamfani ya san gaskiya, ko ya ƙi bincikawa don kada ya sani, sai ya riƙa neman takardun da ba su ƙarewa, ko ya yi shiru wata da watanni, ko ya jefa wa mutum tuhumar da shi kansa bai yarda da ita ba, domin ya gaji ya haƙura ko ya karɓi rabi. Magana ta a kan na biyun ce.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, wani direba mai jigila tsakanin Rano da Kano ya bugi motar wani a wajen Bunkure, gyara ya kama naira 800,000. Takardarsa ta gaskiya ce, ya sanar da kamfani a kan lokaci, amma kamfani ya toshe kunne. Mai motar da aka buga ba ruwansa da kamfani, direban ya sani, don haka direban ya sayar da tumakinsa ko ya jinginar da gonarsa ya biya. Idan ya ce zai bi haƙƙinsa, zai biya lauya, zai biya kuɗin shigar da ƙara, zai biya kuɗin mota zuwa birni duk ranar zama, kuma duk ranar da ya tafi ya rasa abin da zai samu a tasha. Mu ce duka sun kama naira 450,000 a cikin shekara uku. Ya yi nasara, an ba shi 800,000 ɗinsa, an ɗora masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba da sunan kuɗin ɗawainiya. A zahiri ya ci shari'a, amma abin da ya shigo aljihunsa bai kai rabin haƙƙinsa ba. Ƙari a kan haka, kuɗin ma ba su ne na da ba, domin a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma.

Shi kuwa kamfani yana da lauyoyin da ko da shari'a ko babu yana biyan su, kuma kuɗin mutumin suna hannunsa yana juya su. Idan ya hana mutum goma, wataƙila tara su ce sun bar wa Allah, ɗaya ne zai je kotu, shi ma abin da za a ce a biya shi shi ne abin da ya kamata a biya tun ranar farko. Duk tsarin da ya bar lissafi a haka ya mayar da zalunci ciniki mai riba. Bahaushe ya ce in bera da sata, daddawa ma da wari. Laifin kamfani ne, amma dokar da ta sauƙaƙa masa ita ma tana da nata kason.

Abin Da Malamanmu Suka Faɗa

Wani zai zaci wannan mas'ala sabuwa ce, alhali malaman fiƙihu sun tattauna ta ɗaruruwan shekaru kafin a san inshora a ƙasarmu. Allah Maɗaukaki Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alƙawuran da suka ƙulla. A Suratul Baƙara, aya ta 188, Ya hana cin dukiyar juna da ƙarya, Ya kuma haɗa wannan hani da kai maganar gaban mahukunta domin a cinye wani yanki na dukiyar mutane alhali ana sane. Wato ayar ta ambaci irin mutumin da yake mayar da kotu makamin danne haƙƙi. A hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kira jinkirin biyan bashi daga mai wadata da sunan zalunci. A wani hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, ya bayyana cewa taurin bashin mai hali yana halatta a kai ƙararsa a bayyana halinsa, kuma a hukunta shi. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito cewa mafi ƙiyayyar mutane a wurin Allah shi ne mai tsananin jayayya da taurin husuma.

A kan wannan tushe malamai suka gina hukunci. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan hijira, mai littafin Tuhfatul Hukkam da ake karantawa a zaurukanmu kuma alƙalanmu suke dogara da shi, ya bayyana cewa ladan ɗan aiken kotu da ake turawa ya kirawo wanda ake ƙara yana kan mai neman haƙƙi ne, sai fa idan wanda ake ƙarar ya yi taurin kai da gardama, to a nan ladan ya koma kansa. Ibn Farhun, wanda ya rasu a 799, ya kawo irin wannan a Tabsiratul Hukkam. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya faɗaɗa maganar a fatawowinsa: idan wanda ake bi yana da ikon biya amma ya yi ta jinkiri har ya tilasta wa mai haƙƙi kai ƙara, to abin da mai haƙƙin ya kashe saboda haka yana kan azzalumin, matuƙar an kashe shi bisa yadda aka saba. A wannan zamani ma, hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin shari'a ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, wadda ke da mazauni a Bahrain, ta tabbatar a ƙa'idarta ta 3 cewa mai taurin bashi shi ke ɗaukar kuɗin shari'a da sauran abin da mai bin bashi ya kashe wajen karɓo haƙƙinsa.

A lura da sharuɗɗa biyu da ke cikin maganarsu. Na farko, sai an tabbatar da taurin kai. Wanda ya yi jayayya bisa shubuha ta gaskiya ba ya shiga ciki. Na biyu, abin da ake mayarwa shi ne abin da aka kashe da gaske kuma bisa al'ada. Da wannan ne aka rabu da riba. Riba ƙari ne da ake ɗorawa a kan bashi saboda wucewar lokaci, ko an yi asara ko ba a yi ba. Kuɗin shari'a kuwa dukiya ce da ta fita daga aljihun mutum, ga rasit, kuma wani ne ya jawo fitarta. Mayar da ita gusar da cuta ne, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa cuta ana gusar da ita.

Na san wani ɗan'uwa zai ce: ai inshorar kasuwanci kanta haramun ce, me ya kawo maganar haƙƙi a cikinta? Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Disambar 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda garari mai yawa da ke cikinta, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya, ko da yake wasu manyan malamai irin su Shaikh Mustafa Zarƙa sun tafi a kan halaccin duka biyun. Amma wannan bai rufe maganarmu ba. Inshorar mota doka ce ta tilasta ta, kuma wanda aka tilasta wa ba a haɗa shi da wanda ya zaɓa. Sa'an nan ɓacin ciniki bai taɓa zama lasisin da zai bai wa ɓangare ɗaya damar cinye kuɗin ɗayan ba; ko a wurin malaman da suka fi tsanantawa, abin da mutum ya zuba dukiyarsa ce. Bayan haka akwai takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar masa da ƙa'idoji a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan. A takaful, kamfani wakili ne kuma amintacce a kan asusun mahalarta, don haka idan ya hana mai haƙƙi da gangan, ya haɗa taurin bashi da cin amana. A ganina, kuɗin shari'ar da za a ɗora masa a irin wannan hali daga dukiyar masu hannun jari ya kamata ya fito, domin ba daidai ba ne a ɗebi asusun mahalarta a biya laifin wakilinsu.

Inda Dokar Ƙasarmu Ta Tsaya

Ƙa'idar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ita ce wanda ya faɗi shari'a shi ke biyan kuɗin ɗawainiya. Sai dai ƙayyade adadin yana hannun alƙali, kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san abin da ake yankewa bai cika kusantar abin da aka kashe ba. Game da kuɗin lauya kuwa, hukunce-hukuncen sun daɗe suna karo da juna. A shekarar 2000, a shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ɗora wa abokin shari'a kuɗin lauyanka ya saɓa wa ɗa'ar aiki da maslahar jama'a. A 2004, a shari'ar Nwanji da kamfanin Coastal Services, Kotun Ƙoli ta kira irin wannan buƙata baƙuwa mai wuyar karɓuwa a ƙasar nan. A 2014 kuma, a shari'ar bankin Union da Chimaeze, Kotun Ƙolin ta bar kuɗin lauya da aka yanke wa mai ƙara, saboda ya ambace shi a takardar ƙararsa a matsayin asara ta musamman kuma ya tabbatar da shi. Ma'ana ƙofa a buɗe take, amma ƙunƙuntacciya ce, kuma talaka ba zai san ko zai wuce ba sai bayan ya gama kashe kuɗinsa.

Dokar Inshora ta 2003 ta bai wa kamfani kwana 90 ya biya bayan ya amince da biyan, ko ya rubuto dalilinsa idan ya ƙi, ta kuma bai wa NAICOM ikon biyan mai haƙƙi daga kuɗin ajiyar kamfanin. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, na inshorar rai zuwa biliyan 10, ta tsananta a kan biya cikin lokaci, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe. Wannan ci gaba ne, kuma mun yaba. Amma tarar da hukuma ta ci kamfani daban, tumakin da direban nan ya sayar ya biya lauya daban. Na biyun ne nake nema a tabbatar masa.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A Amurka asalin ƙa'ida ita ce kowa ya biya lauyansa. Duk da haka, a 1985, a shari'ar Brandt, Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke cewa idan kamfanin inshora ya hana biya da mugun nufi, kuɗin lauyan da mutum ya kashe wajen karɓo abin da yarjejeniya ta ba shi asara ce da kamfanin ya jawo, kuma sai ya biya ta. Mai karatu zai ga kusancin wannan da fatawar Ibn Taimiyya, wadda ta riga shi da fiye da shekara 600.

A Kanada, gidan wata mata mai suna Daphne Whiten ya ƙone a wani dare na watan Janairun 1994, ita da iyalinta suka fito cikin tsananin sanyi da kayan barci. Kamfanin Pilot ya dage cewa su suka cinna wutar, alhali shugaban 'yan kwana-kwana da mai binciken da kamfanin kansa ya tura sun ce babu wata alamar haka. Sai da ta ɗauki nauyin shari'a na kimanin dalar Kanada 320,000 kafin ta karɓi haƙƙin da bai wuce kimanin 345,000 ba. A 2002 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ƙarin diyyar ladabtarwa ta dala miliyan 1 a kan kamfanin.

A Ingila kuwa, wani mai masana'anta da ake kira Sprung ya jira fiye da shekara uku kafin kamfani ya biya shi ɓarnar da aka yi wa injunansa, kasuwancinsa ya rushe a tsakani, kuma kotu ta ce doka ba ta ba shi diyyar wannan jinkiri ba. Ƙorafin da ya biyo bayan wannan hukunci yana cikin abin da ya sa majalisa ta gyara dokar a 2016, kuma daga watan Mayun 2017 biya cikin lokacin da ya dace ya zama sharaɗi a kowace yarjejeniyar inshora, wanda aka saɓa masa kuma yana iya neman diyya.

Hujjojin Masu Saɓani

Masu kamfanoni za su ce akwai masu ƙaryar asara, kuma idan aka tsorata kamfani da kuɗin shari'a zai riƙa biyan maƙaryata. Akwai maƙaryata, babu shakka, kuma Musulmin da ya ƙona shagonsa ko ya ƙara a kan ɓarnarsa don ya ci kuɗi, haramun ya ci. Amma hukuncin da nake kira gare shi takobi ne mai kaifi biyu: malaman da suka ɗora ɗawainiya a kan mai taurin bashi sun ɗora ta a kan mai ƙarar ƙarya. Kamfanin da ya yi bincike na gaskiya ya rubuta dalilinsa ba shi da abin tsoro.

Za su kuma ce kuɗin inshora zai ƙaru a kan kowa. Amsa ita ce kamfanin da ke biya a kan lokaci babu abin da zai ƙaru a kansa. Abin da ya fi cutar da harkar shi ne rashin yarda, wanda ya sa har yau abin da inshora ke bayarwa a tattalin arzikin Nijeriya bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Game da tsoron lauyoyi su kumbura kuɗinsu kuwa, sharaɗin al'ada ya magance shi: alƙali ya duba rasit, ya yanke abin da ya dace, ya zubar da ƙari.

Shawara

Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya, tunda inshora a ƙarƙashin ikon tarayya take, da su nemi a rubuta a fili cewa duk kamfanin da kotu ta tabbatar ya ƙi biya ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, zai mayar wa mai haƙƙi cikakken kuɗin lauya da na zirga-zirga gwargwadon al'ada. Ina kuma kira ga malaman da ke zaune a kwamitocin shari'a na kamfanonin takaful da su sa wannan sharaɗi a cikin yarjejeniya tun yanzu, ba sai sun jira doka ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ka yi naka. Ka sayi inshora a hannun kamfani ko wakili mai lasisi, ka tabbatar lambar motarka ta shiga rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta tanada, domin takardar jabu babu wanda zai biya ka a kanta. Ka sa a karanta maka sharuɗɗa. Idan abu ya faru, ka sanar da kamfani a rubuce nan take, ka ɗauki hotuna, ka karɓi rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana. Idan sun ƙi, ka nemi dalili a rubuce. Kafin kotu, ka kai kuka sashen karɓar ƙorafi na NAICOM, ko ka nemi sulhu a cibiyar sasanta rigingimu ta Babbar Kotun Jihar Kano. Idan dole sai an je kotu, ka rubuta yarjejeniya da lauyanka, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya, ka kuma tabbatar ya ambaci kuɗin a cikin takardar ƙara. Kada ka sa hannu a takardar sallama alhali ba ka gamsu da abin da ke cikinta ba.

Yafiya alheri ce idan mutum ya yi ta da zaɓinsa. Amma wanda ya haƙura don kawai an tsawwala masa hanyar neman haƙƙi, danne shi aka yi, kuma alhakinsa yana kan wanda ya danne shi da wanda yake da ikon gyarawa ya yi shiru. Ma'aikacin kamfanin da aka sa shi ya ɓoye fayil ko ya ƙirƙiro dalili ya tuna cewa ranar hisabi shi kaɗai zai tsaya, ba tare da lauyan kamfani ba.

Allah Ya ba mu ikon cika alƙawari, Ya tsare mu daga zalunci da zaluntar wasu, Ya mayar wa duk mai haƙƙi haƙƙinsa. Allah ne Mafi sani.